Kafson da Malam Isyaku Ya Dawo Min da Shi

Jama'a, wannan abin da ni ya faru, ba a majalisa na ji shi ba, kuma wallahi da mantuwa a hannuna take da tuni na manta. Lokacin korona ne, ina da ɗan kemis a Barkin Sale, nan cikin Minna, shago mai ƙofa ɗaya da kanta ɗaya, sai benci a waje inda masu keke ke zama su sha iska. Ni ba likita ba ne, a hannun wani maigida na koyi sayar da magani shekara huɗu kafin na buɗe nawa, amma duk unguwa Dakta ake ce min, ni kuma ban taɓa hana kowa ba.

Cikin masu zuwa wurina akwai Malam Isyaku kafinta, dattijo mai barkwanci, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo kakansa garin nan. Shi maganinsa ɗaya ne a duniya, kafso ja da yalo mai kashe ƙwayoyin cuta. Mura kafso, ciwon baya kafso, ƙusa ta soke shi sai ya ɓare ɗaya ya zazzage a ciwon ya haɗiye ɗaya. Kuma ba ya sayen kati cikakke, biyu ko uku zai karɓa, da ya ji sauƙi shi ke nan. Da wannan ya daina yi masa aiki ni da kaina na canza masa mai ƙarfi, da shi ma ya gaza na ƙara hawa sama. Na san ba haka ake yi ba, Allah ya sani na sani, amma sai in ce a raina in na hana shi shagon gaba zai tafi. Haka muka yi kusan shekara bakwai.

Da korona ta yi tsanani ya zo min yana tari, jikinsa zafi, na ba shi abin da ya saba, ya tafi. Daga nan ban ƙara ganinsa ba, ban kuma damu ba, don lokacin kowa ya shige gida, mutum sai ya yi sati biyu bai ga maƙwabcinsa ba.

Ranar da abin ya faru, da safe ina buɗe kwalin magani reza ta ɗan yanke ni a yatsan nuni na hannun dama, yankan da ko filasta ban sa masa ba. Bayan azahar, rana tsaka, irin zafin Minna da ke sa kwalta ta yi laushi, ina zaune ina gyangyaɗi sai na ji an ce, "Dakta." Muryar a dashe take kamar an goge maƙogwaron da sanfefa. Na ɗago, Malam Isyaku ne tsaye a gaban kanta da tsohuwar rigarsa ta aiki, ya rame sosai, leɓɓansa sun tsage, kumatunsa biyu akwai shatin filasta kamar an ɓalle yanzu. Sannan akwai wani wari da ya shigo da shi, mai zaƙi-zaƙi, kamar mangwaron da ya fara ruɓewa.

Na ce, "Baba, ashe jiki aka sha haka? Sannu."

Bai amsa gaisuwar ba. Ya buɗe hannu ya zube kafso uku a kan kanta, ya ce, "Ga kayanka. Sun daina tsoronsa."

Na ce su wa.

Ya dafa ƙirji ya ce, "Na nan ciki. Duk abin da aka ɗura min sun san shi. A wurinka suka yi karatu."

Na yi 'yar dariyar yaƙe, don na ɗauka barkwancinsa ne. Sai ya ce in ba shi ruwa. Na ciro fiyawata mai sanyi daga kula na miƙa masa, maimakon ya karɓi ledar sai ya haɗa da hannuna ya riƙe, kuma billahil azim ban taɓa taɓa jikin ɗan Adam mai zafi haka ba. A nan na tuna ban sa takunkumi ba, na zare hannuna na juya in ɗauko a kan ƙusa, ko minti ɗaya ban yi ba, na juyo babu kowa. Na leƙa waje, titi fayau, sai wani mai keke yana barci a benci. Ledar ruwan na nan kan kanta ba a fasa ba, na taɓa ta, ɗumi kamar an ɗebo daga butar shayi.

Da yamma maƙwabciyata Sista Rahila ta biyo ta gaban shago. Nas ce, 'yar kudancin Kaduna, kuma a lokacin an tura ta ɗakin da ake kwantar da waɗanda numfashi ya gagara. Daga bakin ƙofa ta tsaya kamar yadda ta saba tun da cutar ta zo, muka gaisa, na ce mata yau na ga Malam Isyaku, ya ji jiki ƙwarai.

Ta ce, "Wane Isyaku?"

Na ce kafinta mana.

Ta kalle ni ta ce, "Dakta, ka bar irin wannan wasa. Kwanansa goma sha biyu a ɗakinmu, tiyo a maƙogwaro, an yi masa allurar barci, na'ura ce ke numfashi a madadinsa. Yau tun safe ni ce a kansa, yanzu na bar shi."

Na nuna mata kafson nan uku, ta ƙi matsowa. Ta ce koronar ma ta fara sakinsa, sai wata ƙwayar cuta irin ta asibiti ta kama huhunsa, an kai majinarsa ɗakin gwaji, an gwada ta da magani bayan magani, babu wanda ya taɓa ta. Ta ce ba shi kaɗai ba ne, gadaje uku ne a jere, suna ji suna gani mutane na tafiya, magani cike da kabad amma kamar ruwa suke ɗurawa. Tana faɗa idonta na kawo ruwa. Ni kuwa yatsana ne ke ɗan zogi tun la'asar, na ɓoye hannun a aljihu.

Kwana biyu bayan nan Malam Isyaku ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ko gawarsa ba mu gani ba.

Yatsan nan ya kumbura, ya fara fitar da mugunya mai kore-kore, kuma warin da ke tashi daga ciki shi ne dai warin nan. Na bi kantata tun daga ƙasa har sama, na sha, na yi wa kaina allura, ciwon sai ci gaba yake yana hawa. Da na ga jan layi ya doshi wuyan hannu, matata ta sa kuka, na tafi asibiti. Aka ɗebi mugunyar, bayan kwanaki likita ya zaunar da ni da takarda a hannu ya ce, "A wane asibiti aka kwantar da kai kwanan nan?" Na ce rabona da gadon asibiti tun ina yaro. Ya ce to akwai wanda na je dubiya? Na ce wa ake bari ya shiga dubiya yanzu? Sai ya ce wannan ƙwayar a ɗakin masu na'urar numfashi suka saba ganinta, ba a kan titi ba. A ƙarshe sai da aka yanke gaɓa biyu na yatsan kafin na tsira da sauran hannun.

Sista Rahila ta ga takardata, ta ce sunan ƙwayar ɗaya ne da ta Malam Isyaku, jerin magungunan da suka gaza ma ɗaya. Da na ba likitan labari ya ce wataƙila Sista Rahila ce ta ɗauko ƙwayar a jikinta ba ta sani ba. Ban yi masa musu ba, ya fi ni ilimi. Amma baiwar Allahn nan ba ta tako cikin shagona ba, kuma kafin ta zo yatsan ya riga ya fara.

Don Allah 'yan'uwa, kada ku sha irin wannan magani sai likita ya rubuta, in an rubuta kuma ku shanye yadda aka ce, ko kun ji sauƙi. Ku kuma abokan sana'ata, wanda ya zo neman biyu ko uku ku ba shi haƙuri, ya zage ku ya fi. Ni yanzu haka nake yi. Abin da na kasa sani har yau, kuma babu wanda zan tambaya, shi ne ko gargaɗi dattijon nan ya zo yi min, ko kuwa rabona ya kawo min.