Tukwanen Gwaggo Hajo

A damunar da na shiga aji na huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ruwa ya ɗauke a ƙauyenmu kusa da Urafane bayan gero ya kai gwiwa. Ranar wata Juma'a muka fita roƙon ruwa bayan gari, maza sun juya rigunansu ciki ya koma waje, mu yara muna bayansu rairayi na ƙona mana ƙafa. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, har muka fara ihu, sai iska ta kwashe shi ta yi kudu. Kafin mu iso gida magana ta gama gari: Gwaggo Hajo, yayar babana, ita ta ɗaure ruwa don kada tukwanenta su jiƙe.

Gwaggo maginiya ce, mijinta ya rasu, da yumɓu take ci. Ni nake ɗebo mata ruwan kwaɓi kafin in tafi lakwal, in tattaro mata kashin shanu na gashin tukwane, ita kuma ta gina mini 'yar tukunyar wasa. Gonar gero gare ta kamar kowa, ita ma tana bushewa, amma babu wanda ya tsaya ya duba wannan.

Da yammar ranar a makarantar allo, malaminmu ya ce ya duba ya gani, akwai wadda ta tare rahamar Allah a garin nan. Ranar kuwa darasin da ya gama biya mana shi ne Allah Mai iko ne a kan komai. Na ɗaga hannu, kamar yadda malamin boko, da muke ce wa mushe, ya koya mana a lakwal, na ce, "Malam, in Allah ka iya komi, ƙaƙa Gwaggo za ta ɗamre ruwa nai? Ta hi shi ƙarhi ne?" Mari na sha, sai da kunnena ya yi ƙara. Ya ce, "Tambayar kahirai ta. Abin da kai bai kaiwa, ba a tambaya tai."

Har yau wannan amsa tana tafasa mini zuciya. In kanmu bai kai ga sanin ikon Allah ba, ta yaya nasa kan ya kai ga sanin wadda ta hana ruwa? Iyakar ilimi ta tsaya a kaina ni yarinya, shi kuwa ta buɗe masa hanya. "Ban sani ba" kawai zai ce, da Gwaggo ta tsira.

Washegari samari suka shiga gidanta suka farfasa tukwanen, ɗanye da gasasshe, babana yana tsaye yana kallo. Ta ɗaure kayanta a zane ta koma Gidan Amumune wurin ɗiyarta, ba ta ƙara taka garinmu ba har ta rasu.

Yanzu a waya ake jin hasashen ruwa, robobi sun kori tulu, malamai sun cika rediyo, kowanne da amsar komai a bakinsa. Ina kewar sanyin ruwan randar Gwaggo. Na girma ina salla, ban taɓa shakkar ikon Allah ba. Masu rantsuwa sun san nufinsa ne na kasa yafe wa.