Kawu Ba Ya Danna Komai

Shekara talatin da ɗaya kawuna ya yi yana rarraba wasiƙu a gidan waya, kuma ya yi ritaya bai yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba. Mutum ne da ko katin gayyata ka miƙa masa sai ya juya bayansa. Muna ƙanana muke kiransa Kawu Tantama, a bayan idonsa dai.

Imel ɗinsa ma ba shi ya so ba. Autarsa ce ta buɗe masa, kafin su ɓata. Ya samo mata aiki a gidan wayan, ta yi wata takwas ta ajiye ta tafi wani gari mai nisa. Ya ce ba da yawunsa ba, ita ma ta faɗi nata, shi ke nan. Shekara shida babu wanda ya nemi wani. Amma akwatin imel ɗin nan bai rufe ba, don shi ne adireshinsa da ta sani.

Duk Asabar da hantsi yakan zauna a teburin falo, ya sa tabarau, ya buɗe imel ɗin, ya yi abin da yake kira shara. Ni nake taya shi, kuma wallahi aikin yana cin raina. Kowane saƙo sai ya bi adireshin mai aikowa da yatsa, kamar yana duba ambulan. Masu tallan takalma, masu cewa ya ci kyautar mota, masu rantsuwa za a rufe masa akwati nan da awa biyu, duk sai ya jefa su wurin saƙonnin banza, sannan ya goge.

Wata rana na gaji na ce, "Kawu, ga wuri nan a ƙasa, in ka danna za su daina aiko maka."

"Kantin da na sani, na yarda," in ji shi. "Amma wanda ban taɓa ba adireshina ba? 'Yar nan, in baƙo ya ƙwanƙwasa ka ce masa tafi, ai ya san da mutum a gidan."

Wata Asabar yatsansa ya tsaya cak. Sunan Auta ne, adireshin kuma nata ne, harafi da harafi. Saƙon ya ce: Baba, ga hoton jikarka, danna nan ka sa lambar sirrinka ka gani.

Ni har na miƙa hannu. Ya riƙe min wuyan hannu.

"Kawu, don Allah! Ita ce fa. Yau ma zargin?"

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa. Ban taɓa ganin mutum yana son abu ya zama gaskiya kamar yadda ya so wannan ba, har tausayinsa ya kashe min fushi.

"Ba ta gaishe ni ba," ya ce. "'Yata ko zagina za ta yi, sai ta fara da ina kwana. Kuma me ya haɗa hoto da lambar sirrina?"

Ya goge saƙon. Na zaci an gama, sai na ga ya buɗe gidan tabaransa ya zaro wata 'yar takarda da ta sha ninki. Lambar wayarta ce, da ya karɓa wurin ƙanwarsa shekara biyu da suka wuce bai taɓa kira ba.

Bugu uku ta ɗauka. Ya gyara murya kamar yana bayan kantar gidan waya.

"An aiko min saƙo da sunanki. Ki canza lambar sirrinki yau."

Sai na ji muryarta. "Baba? Ina kwana. Ba ni ba ce, shiga akwatina aka yi. Duk wanda ke cikin jerin mutanena sun tura masa."

"Ashe ina cikin jerin," ya ce a hankali.

"Ban taɓa cire ka ba." Ta ja numfashi. "Baba, saƙon ƙarya ne, amma yarinyar gaskiya ce. Watanta huɗu."

Kawu ya dafa teburin. Ya buɗe baki zai yi tambaya, irin tasa, sai ya fasa. Da ƙyar ya ce, "Sa ta a waya in ji kukanta."