Arahar da Na Shayar da Baba

Ni mutum ne mai idon araha, kuma an san ni da haka a Dakoro tun kafin abin da zan faɗa ya faru. Ina da butik, ɗan shagon kayan masarufi, a bakin kasuwa, da firigo ɗaya na sanyaya lemo mai ƙara kamar injin niƙa. In na je sari Maraɗi ba na duban kayan da aka jera daidai ido. Ƙasa nake dubawa, can lungun da ake tura abin da ba shi da suna. Sau da yawa madarar ɗaya ce, sabulun ɗaya ne, gwangwanin ne kawai bai sha kwalliya ba. Na daɗe ina taƙama da wannan, har ina yi wa maƙwabtana na kasuwa dariya, ina ce musu suna suke saye ba kaya ba.

Babana dillalin shanu ne, a kasuwar dabbobi ya tsufa. Abin shansa bai wuce fura da nono da shayi da ruwan randa ba. Ko lemon kwalba in an ba shi, sai ya miƙa wa na kusa da shi. Shekara da shekaru yana tara ƴan shanunsa na kansa, rana ɗaya ya sayar da su kaf ya biya kujerar Makka. Da ya tafi, ni da yayata muka raba hidimar tarbarsa: ita abinci, ni abin sha.

A wajenmu in alhaji ya dawo, ƙofar gidansa ba ta hutawa har kwana arba'in. Mutane sun yarda ya dawo a wanke tas, addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa. Daga Korahane da Sabon Maci ake tahowa, wasu a amalanke, don a sha kurɓin zamzam, ya ɗora wa mutum hannu a ka ya yi masa addu'a. Baba ya fi ɗokin waɗannan kwanaki a kan sunan Alhajin kansa. Kafin ya tafi ya sa an gyara rumfar ƙofar gida, an sake mata zana.

Da na sa an dafa zoɓo da lemun citta kamar kowa, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma na taɓa zuwa bikin ɗiyar wani attajiri a Maraɗi, na ga ana raba wani lemon inabi a dogayen kwalabe masu takardar zinariya a wuya, murfin a ɗaure da waya. In an buɗe sai ya yi ƙara, kumfa ya taso, manyan alhazai suna sha suna gyara hula. Babu komai a cikinsa sai zaƙi. Na ce a raina uban wani bai fi nawa ba.

Ina da taubashi a Yamai, ɗan goggona, direban wani Bature ne. Shi ya ba ni labarin wata katafariyar mangaza, babban kanti, da ba a shiga sai da kati, kuma ba a sayar da abu ɗai-ɗai sai kwali-kwali, shi ya sa kayanta ke da sauƙi. Katin maigidansa yana hannunsa don shi ake aika. Na rufe butik na hau mota, tafiyar da ta karya min baya.

Ban taɓa shiga wuri irinsa ba. Rufin yana can sama, sanyi na busowa ko ta ina, kaya jibge har sun fi tsawon mutum uku. Kowa na tura ƴar kurarsa ta ƙarfe, ba ciniki, ba gaisuwa. Na sami kwalaben da na gani a Maraɗi, na duba farashi, na yamutsa fuska. Sai na yi abin da na saba: na wuce gaba, na zaga layi na biyu, na sunkuya. Ga su nan a ƙasa. Tsawon kwalbar ɗaya, zinariyar wuyan ɗaya, wayar murfin ɗaya, ga hoton inabi ja jawur, kuma farashin ya faɗo sosai. Daɗi ya kama ni har na yi dariya ni kaɗai. Akwai rubutu a jiki, amma ni aji uku na bar lakwal, makarantar boko, lamba kawai nake karantawa da kyau. Ga ma'aikata suna ta kai da kawowa, ban tambayi ko ɗaya ba. Ban so a ce baƙauye ya shigo.

Taubashina yana can yana waya. Da ya zo ya ga kwalayen da na loda, ya dube su, ya dube ni, ya yi wani murmushi.

Ya ce, “Lalle ka waye, ɗan kawu.”

Na ɗauka tsiyar taubasai ce da muka saba, na ce masa wayewa ai ba a Yamai kaɗai aka raba ta ba.

Yadda na yi tattalin kwalaben nan a hanya, ko jariri sai haka. Na naɗe kwalayen da tsofaffin zannuwa, na yi faɗa da kamasho a tashar Maraɗi don kada a ɗora musu buhu. Na kawo su Dakoro ko ɗaya ba ta fashe ba. Ban buɗe na ɗanɗana ba, don na ga asara ce a fasa kwalba babu baƙo.

Kwana uku da dawowar Baba aka yi walima. Bayan azahar ce, rumfa ta cika, liman na zaune dama da Baba, ga tsofaffin abokansa na kasuwar dabbobi sun jeru a tabarma. Baba yana cikin farar riga, ya rame, amma fuskarsa na haske. Na fito da kwalbar farko da sanyinta, na kwance wayar, murfin ya tashi da ƙara, tsofaffin nan suka zabura sannan suka yi dariya. Na cika kofi na durƙusa na miƙa wa Baba, don shi ne mai ranar.

Ya sinsina, ya dube ni. Ya kurɓa, na ga fuskarsa ta ɗan tsuke. Na san bai ji daɗinsa ba, amma ina durƙushe a gabansa, jama'a na kallo, kuma uba irinsa ba ya mayar wa ɗansa kofi rabi a gaban mutane. Ya daure ya shanye duka.

Ya ce, “Allah shi yi maka albarka.”

Na cika na biyu na ba liman. Ya ɗaga ke nan sai mijin yayata, wanda mushe ne, wato malami, a lakwal, ya ɗauki kwalbar yana juya ta. Ya karanta, ya sake karantawa. Da murya irin ta cikin aji ya ce, “Malam, aje kofin nan. Wagga giya ce.”

Har yau ina riƙe da shi a raina. Yana iya taɓa hannun liman, ya ja ni gefe ya raɗa min. Na san in ya tsaya neman dabara liman zai sha, na san gaskiya ya faɗa, na san komai. Duk da haka ban yafe masa muryar nan ba.

Liman ya aje kofin. Baba ya tashi a hankali, ya zaga bayan katanga, muka ji yana sa yatsa a maƙogwaro yana kakarin amai. Da ya dawo gaban rigarsa ya jiƙe, idonsa ya yi ja. Liman ya yi magana mai kyau, ya ce wanda bai sani ba babu laifi a kansa, hajjin Alhaji yana nan yadda yake, ni ma kuskure ne. Kowa ya ce haka ne, haka ne. Suka ci shinkafa, suka shafa fatiha, suka fita suka baza labarin kafin la'asar.

Na haƙa rami a bayan gida na tuttular da sauran, wari ya kwana biyu bai bar unguwar ba. Na kira taubashina cikin fushi.

Ya ce, “Wallahi na zaci ka sani. Na ce ko wani otal za ka kai ma. Ai maigidana ma shi yaka saye, ya ce duk mangazar babu mai kyau da araha kamatai.”

To kun ji. Idona bai yi kuskure ba, na zaɓo wadda ta fi kowace dacewa da kuɗinta. Ban ƙara ɗaukar wayarsa ba.

Masu zuwa neman addu'a suka ragu. Ba a daina zuwa ba, amma rumfar da aka yi wa sabuwar zana ba ta ƙara cika ba. Na ji an ce wasu mutanen Ɗan Gulbi sun zo har bakin gari, aka ba su labari, suka wuce gidan wani alhajin. Baba yana fitowa kullum da safe ya zauna da ƴar kwalbar zamzam a gefensa, yana duban hanya. A butik kuma matasa suka samu abin yi, su zo su ce a ba su mai wuyan zinariya, mata su sayi lemo su sinsina a gabana. Wannan duk bai dame ni ba kamar zaman Baba a rumfar nan.

Bai taɓa ce min uffan a kan maganar ba. Yana amsa gaisuwata, yana tambayar iyalina, in na kai hatsi ya karɓa, in na ɗinka masa riga ya sa. Na daɗe kafin na lura da abin da ya canza. In na haɗa masa shayi sai ya ce, “Aje nan,” ya bar shi har ya huce. In na kawo masa ruwan leda mai sanyi daga firigo, sai ya miƙa wa baƙo. Furar da matata ta dama, in ita ta kai ya sha, in ni na ɗauko kwanon sai ya ce ya ƙoshi. Haka muka yi shekaru.

Wata rana na kasa haƙuri, na same shi shi kaɗai na ce, “Baba, ashe ba ka yahe mani ba?”

Ya aje carbinsa. Sannan ya ce, “Na yahe tun ranan, ɗana. Maƙogwarona ne ya ƙiya.”

Na fito ina jin haushinsa, kuma ba na ɓoye wannan. Da ya mare ni a gaban jama'a ranar walima, da ya kore ni wata guda, da mun gama. Liman ya wanke shi, ya wanke ni, shi kuma ya ƙi barin abin ya wuce, ya bar ni ba abin da zan nemi gafara a kai tunda an riga an yafe.

Ciwon ajalinsa a bazara ya zo. Wata rana da tsakar rana ina zaune a gefen shimfiɗarsa, yayata tana tsakar gida tana wanki. Zafi ya yi zafi, leɓɓansa sun bushe sun tsage, yana motsa baki. Na ɗebo ruwa a randarsa, da kofinsa, na tallafo kansa na kai masa baki. Ya buɗe ido ya gane ni sarai. Ya dubi ruwan, ya dubi hannuna.

Ya ce, “Ina yayarka?”

Na mayar da kansa kan matashi, na aje kofin, na fita na kira ta. Ta goge hannu a zane ta shigo, ta ɗauki ruwan nan da na ɗebo, ba ta zubar ba, ba ta sake wani ba, ta ba shi ya sha ina tsaye a bakin ƙofa. Bayan kwana biyu ya rasu.