Kallamu, mai tutar kwanar tsamiya

Kafin ƴan kabu-kabu su cika bakin titin Konni, Malam Kallamu ya riga ya buɗe rumfarsa. Yakan shimfiɗa tsohon buhu, ya jera kayan aikinsa a kai, ya zauna yana sauraron baburan da ke wucewa. Idan wani ya zo da ƙara marar daɗi, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da mai shi, ko da bai san shi ba. Gyaran babur shi ne abincinsa, amma ba don shi nake wannan rubutu ba.

A shekarun baya, samarin garin nan a kan kwalta suke tsere, a tsakanin manyan motoci masu tafiya Tawa da Yamai. Da aka zaro gawar wani saurayi daga ƙarƙashin tirela, kowa ya yi Allah wadai, kowa ya koma gida. Kallamu ne ya je wurin Alhaji Abarshi, mai motocin sufuri, ya roƙi aron gonarsa ta hanyar Tsarnawa bayan girbi. Ya share fagen tsere, ya jera tsofaffin tayoyi a gefe, ya ce wanda ba shi da hular kwano ya zo kallo kawai.

Asabar ranar gwaji ce, Lahadi ranar tsere. A gwajin, kowa da agogo yake kokawa, wanda ya fi sauri shi ke tsayawa a sahun gaba washegari. Fagen kuwa matsattse ne, babura da yawa a ciki lokaci guda, wasu suna tsakiyar gudunsu, wasu sun gama suna komawa a hankali. Don haka Kallamu ya kafa doka: wanda ba ya cikin gudunsa ya kauce gefe. Idan ka tare wa wani hanya, da gangan ko da mantuwa, sahun baya za ka tashi. Shi da kansa yake tsayawa a kwanar tsamiya da shuɗiyar tuta. Ya ɗaga maka ita, ka san akwai mai zuwa a bayanka.

Tun da na dawo daga jami'a nake juya wannan doka a raina. Ba ta hukunta mai jinkiri saboda jinkirinsa. Tana cewa kawai: idan ba ka sauri, kada ka zauna a hanyar mai sauri. Na shiga buro-buro, wato ofisoshi, da yawa da takarduna a hannu, ban ga inda ake aiki da ita ba sai a cikin gonar gero.

Kai ne, Kallamu, wanda rana ke dafawa a tsaye alhali manya suna inuwa. Kai ne ka mayar da abokin cinikinka sahun baya, ya ɗauke baburansa daga rumfarka, ba ka bi shi da ban haƙuri ba. Masu kallo sun shaida ranar da wani ɗan Malbaza ya zage ka a gaban jama'a, ka bar shi ya gama, sannan ka ɗaure masa birkin da ya kwance kafin ya hau.

Bara ne abin da ya sa ni rubutu ya faru. Alhaji Abarshi ya zo kallon gwaji da baƙinsa daga Sakkwato, aka shimfiɗa musu darduma a gindin tsamiyar. Ɗansa Ja'afar ya yi gudun da babu wanda ya kai shi, yana komawa a hankali. Da ya iso kwanar, ya ga mahaifinsa da manyan baƙi. Yaron da aka yi wa tarbiyya a garin nan ba ya wuce babba a kan abin hawa kamar bai gan shi ba. Ya taka birki, ya saki hannu ɗaya, ya rusuna, a tsakiyar hanya. Tuta tana sama, idonsa yana ƙasa. A bayansa Mansur ne, ɗan garin Tajaye, wanda ya baro cin-rani a Abijan don wannan tsere. Ya kauce ya faɗa cikin karan gero. Bai faɗi ba, amma gudunsa ya lalace.

Kallamu ya busa usur, ya ce Ja'afar sahun baya. Alhaji ya aika aka kira Kallamu.

"Malam Kallamu, mi yaro ya yi?"

"Ya tare hanya, Alhaji."

"Gaishe ni ya yi. Gaisuwar uba ta zama laihi a hilinka?"

"Allah shi yi mashi albarka, ya kyauta. Da ya kauce gehe, ko kwanciya ya yi don gaishe ka, ba ruwana."

Wani baƙon ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ashe gonar taka ba kai ka hukunci cikinta ba."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka sake dubawa. Kai ma kana da ɗiya."

"Na duba, ranka shi daɗe. Wancan yaron ma yana da uba, sai dai ba a shimfiɗa mashi darduma ba."

Ranar Lahadi Ja'afar ya tura baburinsa sahun baya. Alhaji bai zo ba. Bayan tseren ya aiko cewa a kwashe tayoyi, za a haƙa rijiya a sa wa gonar albasa. Gonarsa ce, kuma shekaru ya ba da ita kyauta. Ba zan yi masa butulci a takarda ba. Na kuma yi ta tambayar kaina ko Kallamu bai tsananta ba, tunda yaron ba mugunta ya yi ba. Amma duk sanda na kai nan, sai in tuna saurin da Mansur ya shigo kwanar da shi. Gaisuwa ce ko mugunta, da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, kabari ɗaya za a haƙa.

Yanzu gero ya nuna, an fara kai lauje gona, kuma babu fage. Samari sun soma gwada baburansu a kan kwalta da yamma, ina jin su daga ɗakina, ba na iya zama. Kallamu kuwa gwiwarsa ta gaji, ya ce bana zai miƙa tuta, amma ba zai miƙa ta babu fili ba. Duk Juma'a bayan masallaci yakan rufe rumfa ya nufi ƙauyuka, har Dogarawa ya kai. Kuma duk mai gonar da ya samu, kafin ya roƙa sai ya ce masa: "In ɗanka ya tare hanya, baya za shi." Matarsa Balki ta ce masa, "Kai dai ka amshi hilin tukuna, wa'azin ya biyo baya." Ya ce ya ji. Juma'ar da ta biyo ya sake faɗin haka, aka sake sallamar sa da ruwan sha.

Mun gode, Malam Kallamu. Iyayen da ƴaƴansu suka dawo gida da ƙafafunsu suna bin ka da addu'a, ko da ba su san sunanka ba. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa wanda zai karɓi tutar ya iya ɗaga ta a gaban mai darduma.

Ku kuma masu gonaki, daga Konni zuwa Illela, ranar Juma'a wani dattijo mai ɗingishi zai yi muku sallama. Kun riga kun san abin da zai fara faɗa. Ɗayanku ya saurare shi har ƙarshe, ya ce masa, "Na yarda." Samarin suna kan kwalta, tireloli kuma ba su daina wucewa ba.