Wakiliyar Gidaɗo

Gidaɗo na Balsall Heath karatun ƙasar noma ya kawo shi Birmingham, da niyyar shekara biyu. Yau shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma duk gonar da ya mallaka a duniya tukunyar tattasai ce a bakin taga. Bas ya tuƙa har ya yi ritaya. Dangi na cewa fitilun kan titin garin ma gaishe shi suke yi.

Kunya gare shi irin ta Fulanin Yola, wadda ruwan Ingila ya kasa wankewa. Asama'u 'yarsa ta fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci: kunya biyu ke nan a wuyan mutum ɗaya. Bai taɓa kiran sunanta ba. "Ta Manchester" yake cewa, tunda a unguwar Withington ta can take aikin jinya. Da can matarsa Nana A'isha ce mai kai saƙo tsakaninsu, ko da a falo ɗaya suke zaune. Da ta rasu, hirar uba da 'ya ta koma "an yini lafiya" da "lafiya lau".

Bara bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke kwana biyu sannan ta dawo. Likitarsa, wadda a nan ake kira GP, ta zaunar da shi ta ce wannan gargaɗi ne. A ƙasar nan, in ji ta, in hankalin mutum ya gushe likitoci za su saurari dangi, amma su ke yanke hukunci, sai fa in ya wakilta wani a takarda tun yana da hankalinsa: wanda zai faɗi inda zai zauna, abin da zai ci, da maganin da za a yi masa.

Da ta miƙo masa takardar, Gidaɗo ya rangaɗa sunan yayansa Abdurrahim na Yola, wai babba shi ke da magana. Tsohon nan shekararsa tamanin da biyar, kuma in ka kira shi a waya sai ka yi ihun da za a ji a Kamaru kafin ya amsa sallama. GP ta tambaya ko shi zai zo asibiti in ta neme shi. Gidaɗo ya soke sunan, ya naɗe takardar.

Ya san wadda ta dace. Amma da wane ido zai kalli 'yar fari ya faɗa mata yadda za a yi da shi ranar da ya kasa? Mako uku takardar na kan tebur, yana zagaye ta kamar kumurci.

Wata Asabar Asama'u ta zo ta ga takardar. Sai ta ce ya raka ta sayen nama. Tun ciwon nan ba ya tuƙi, sai dai gyara wa mai tuƙi. A motar kowa titi yake kallo, babu mai ganin idon wani. Bayan ya gama sukar yadda take taka birki, sai ya gyara murya.

"Akwai wani mutum," ya ce da gilashin gaba. "In ya kasa, ba ya son gidan tsofaffi. A bar shi a gidansa."

Ta ce to, ta tambaya me kuma mutumin ke so. Ya ce namiji ya yi masa wanka, kada a ba shi abin da ba halal ba. Ta tambayi batun injin numfashi. Ya ce a gwada, amma in likitoci sun ce babu sauran dabara, a juya shi alƙibla a ƙyale shi da Ubangijinsa. Sau huɗu suka zagaya shataletale ɗaya, don kada maganar ta yanke.

"Baba, wa mutumin ke so ya tsaya masa?"

"Wadda ke tuƙa shi, in ba zai yi mata nauyi ba."

"Ba zai yi ba," ta ce.

Ran Litinin ta ɗauki hutu, aka cike sabuwar takarda. Ita ta rubuta sunanta, shi ya sa hannu, maƙwabcinsu Dalyop ya shaida, aka aika a yi mata rajista.