Iroshan a Bakin Kabarin Inna

A Inugu na san kalmar nan ta Turanci, iroshan. Da Hausa zaizayar ƙasa ke nan, ruwa ya kwashe ƙasa ya bar rami. Amma mutanen nan ba sa cewa an yi iroshan. Sai dai ka ji iroshan ya ci hanya, ya ci shago, ya ci gidan wane. Mu kuwa maƙabartarmu ya zo ci, inda mahaifiyata Inna take kwance.

Baba mahauci ne, mutumin Kano. A saninsa kwazazzabo abu ne da ake cikawa da shara da buhunan yashi, a jira rani. Haka muka yi, mu da sauran mahauta. Ina! Ruwan kudu ba ya gajiya. Abin da muka jera ran Asabar, kafin Litinin yana can ƙasan rami.

Da ma'aikatan gwamnati suka zo suka auna, sai suka ce kowa ya nuna kabarin nasa a mayar da shi tudu. Liman ya ce lalura ce, ya halatta. To, mu ba ma sa wa kabari siminti, ba ma rubuta suna. Itace Baba ya kafa mata, gara ta cinye, ruwa ya baje tudun kabarin.

Muka tsaya a kan jar ƙasa. Baba ya taka nan, ya dawo can, ya sake komawa. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce masa ya nuna ko'ina ne mana, a haƙa.

Ya ce, "In tono matar wani in ce uwarka ce?"



Tun daga nan yayyena suke kira daga Kano, ya dawo gida ya huta. Ya ce ba zai tafi ya bar ta a bakin rami ba. Ni ma ba ni da halin tafiya in bar shi. Ga mu nan, damina bayan damina. Ana ɗauke ruwa zai hau okada, wato acaɓa, zuwa maƙabarta, ni ina biye.

Bara gefen gabas ya zabge gaba ɗaya. Baba ya daɗe yana leƙen ramin, sannan ya ce, "Kana ganin tana ciki, ko tana nan?"

Na ce, "Tana nan, Baba."

Ban sani ba. Shi ma ya san ban sani ba, amma ya gyaɗa kai.