Mangwaron Bayan Ofis

Jiya wani tsohon abokin aikina ya kawo mini mangwaro daga Kalgo, ya ce na bishiyar bayan ofis ne. Ina jin ƙamshinsa, marigayi Baba, kamar yadda muke kiransa, ya faɗo mini a rai.

Shi ne shugabanmu a sashen aikin gona, kuma bai taɓa yi wa ma'aikaci faɗa a gaban mutane ba. In yana da magana da kai, sai ya miƙo maka bokiti ya ce, "Zo ka taya ni ba dashen nan ruwa." Lokacin mangwaron ko ƙuguna bai kai ba.

Shekarar da mahaifiyata ta kwanta ciwo a Masama, kullum a makare nake isowa, har na fara shawarar ajiye aikin. Ranar da ya miƙo mini bokitin, na bi shi bayan ofis. Muka tsuguna, busasshiyar ƙasa tana shan ruwa tana ƙamshi.

Can ya ce, "Ɗana, ka rame. Wa ke jinyar tsohuwa in ka taho?"

Na ce babu kowa. Shi ya yi ta kai da kawo har aka mayar da ni Gwandu, kusa da gida. A hannuna ta cika.

Yanzu a gaban kowa ake wanke ma'aikaci tas, ya koma gida da hawan jini.

Baba, ka rufa mana asiri a gindin dashe. Allah ya rufa naka, ya zaunar da kai a inuwar da ta fi wannan sanyi.